Daminar da Yaya Ta Yi a Gidana

Mu biyu Inna ta haifa mata, ni da Yaya. A Tafoki muka tashi, gidanmu yana ƙarshen gari ta wajen gonaki. Duk wani aikin mace da na iya a hannun Yaya na koye shi: surfe, bakace, tuƙin tuwo, kitso. Inna mace ce mai faɗa, ba ta da haƙurin koyarwa. Yaya kuwa sai ta haɗa hannuna da nata a jikin taɓarya, mu yi ta daka tare har in gane inda ake saukewa. Tana da dariya mai ƙarfi, irin wadda Baba kan ɗaga murya daga zaure ya ce, "Wannan ɗiya, a rage mana!" Sai ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna ta rawa.

An aurar da ita a wani ƙauye ta wajen Sabuwa, ga wani manomi da take so, shi ma yana son ta. Ni kuma daga baya aka kawo ni Kankara, gidan wani malamin firamare, mutum mai shiru-shiru wanda har yau Malam nake ce masa. Duk kaka Yaya takan zo mini da gyaɗa da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta kwana biyu, mu raba dare muna hira, sannan ta koma. Haka muka yi shekaru. Inna da Baba suka rasu a tsakani, sai ya zama ita ce uwar, ita ce uban.

Sai ɓarayin daji suka addabi yankin. Wata safiya mijinta ya fita gona da shanun huɗa, aka kore shanun, shi kuma aka bar gawarsa a kwance a tsakanin kunyoyin gona. Bayan ta fita takaba ƙauyen ya watse. A bayan motar itace ta iso Kankara da 'ya'yanta uku, mata biyu da ɗan autanta namiji, da ƙullin kaya guda ɗaya da tukunya.

Gidanmu ƙarami ne, kuma a lokacin uwar mijina tana tare da mu. Ba wanda ya ce wa Yaya ta tashi, amma ita da kanta ta ga yadda tuwo ke ƙarewa kafin yara su ƙoshi. Ba ta yi wata guda ba ta ce mini ta samu wuri. Wani kango ne a bayan tasha, ginin da mai shi bai gama ba, inda matan da suka gudo daga ƙauyuka suka rarraba ɗakuna da buhuna da tsofaffin zannuwa. Na roƙe ta ta zauna. Ta ce, "Ke dai ki riƙe aurenki. Ni babba ce, zan iya."

Ta yi wankau, ta yi surfe, ta yi ɗiban ruwa. Amma mata irinta sun yi yawa a gari, kowace ƙofa ka je an riga ka. Daga baya ta samu wanke-wanke a wurin wata mai sayar da abinci a tasha, inda manyan motocin hatsi da na farar ƙasa ke tsayawa. Ladan aikin shi ne ƙanzo da ragowar miya.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai fara ganin sabuwar atamfa a jikinta, sai waya, sai yaran suka zo mini da burodi a hannu. Zuwanta gidana ya ragu, in ma ta zo ba ta zama, kuma ba ta haɗa ido da Malam. Wata rana da hantsi na same ta a kangon ita kaɗai tana tsefe kai. Na zauna a bakin tabarma na ce, "Yaya, ina kike samu?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kada ki tambaye ni abin da ba ki son ji."

"Ina son ji."

Ta ajiye tsinken tsifar. Ta ce wani direba ne ya fara. Ya ga autan yana kuka a gindin murhu, ya saya masa shinkafa, washegari ma haka, rana ta uku ya faɗi abin da yake so. Ta ce ta ƙi, ta ƙi, har ranar da ƙaramar 'yar ta kwanta da zazzaɓi babu ko ƙwayar magani. Daga shi kuma sai wasu. Ranar kasuwa sun fi yawa: direbobi, fatake, dillalan shanu, har da mutanen gari waɗanda in ka gan su a sahun gaba ba za ka taɓa zato ba.

Na ce, "To ko kina kare kanki?" Don na taɓa jin ana maganar a rediyo.

Ta yi wani ɗan murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "In kin ce a sa roba, sai ya ɗauki hularsa ya shiga ɗakin gaba. Mu nawa ne a gidan nan? Kowa da yara. Wasu ma ƙari suke yi don kada a sa. Mi zan ce?"

Na yi kuka, ita ba ta yi ba. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, ta ce kitsona ya tsufa, bari ta gyara mini.

Ciwon ya shigo a hankali. Na lura tafiyarta ta canza, tana taka ƙasa kamar mai tsoron ƙaya. Ta ce mara ce ke mata ciwo, da ƙaiƙayi, da zafin fitsari. Ta ce sanyi ne. A lokacin kowace mace sanyi take cewa, kamar daga randa ake kamuwa da shi. Takan je kyamis a ba ta kafso biyu ko uku, gwargwadon abin da ke hannunta, in ta ji sauƙi ta bari. Ranar kasuwa kuma akwai mai maganin gargajiya da ke kafa lasifika a kan mota yana lissafa cututtukan da ko a ɗaki mutum zai ji kunyar faɗa, mata da maza suna miƙa hannu ta gefe suna karɓar ƙulli. Ta sha nasa, ta sha na wani. Ciwon ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo da ƙarfinsa.

Babbar 'yarta ce ta zo mini da gudu wata rana, ta ce Umma ta kasa tashi. Na same ta jikinta kamar garwashi, ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito. Na tare mai babur, na zauna a bayanta na riƙe ta, muka tafi asibiti.

Ba zan manta da bencin nan ba. Dogo ne, a baranda, ya cika da mata har wasu sun zauna a ƙasa. Akwai 'yan kangon, na gane biyu. Akwai kuma matan aure cikin manyan hijabai, wasu da goyo. Kowa ta sunkuyar da kai, ba mai yi wa wata sannu. Da muka samu wuri, sai matar da ke gefena ta yi tari, ta ce wa 'yar rakiyarta ta miƙo mata ruwa. Duk da niƙabin da ta sa na gane muryar. Maƙwabciyarmu ce, Hajiya, matar wani Alhaji mai sayar da hatsi. Mace ce da ba ta leƙa ko ƙofar gida, in ba suna ko gaisuwar mutuwa ba. Mun san ta yi ɓari har sau biyu a jere, an yi ta cewa iska ce. Ta gane ni, na gane ta, muka yi kamar ba mu san juna ba.

Yaya kuwa tun da ta ji na raɗa mata ko wace ce, sai ta juya fuskarta ga bango, ba ta sake juyowa ba har aka kira mu.

Malamar asibitin dattijuwa ce, ba ta da tsawa. Ta duba Yaya, ta yi mata tambayoyi ba tare da ta ɗaga murya ba, ta sa aka ɗebi jini. Tana rubutu tana magana kamar da kanta take. Ta ce da can bencin nan ba ya cika, yanzu kuwa kullum sai ta bar wasu. Ta ce, "Duk wadda na ba magani sai in ce ta kawo mijinta. Ba mai kawowa. Sai ta warke ta koma gida, ya sake ba ta, ta dawo mini."

A hanyar komawa ne Yaya ta waiwayo ta yi magana, bakinta a kusa da kunnena saboda ƙarar babur. Ta ce, "Mijin Hajiyar nan, ranar kasuwa motarsa ke fara tsayawa bayan tasha."

Da muka koma karɓar sakamako, malamar ta rufe ƙofa ta zauna kusa da Yaya. Ta ce ciwon marar zai warke da allura da ƙwayoyi in an sha har ƙarshe. Amma akwai wani a cikin jini, ƙanjamau. Ta ce ba hukuncin kisa ba ne kamar yadda mutane ke ɗauka, akwai magani kyauta, sai dai ba a fashin shan sa har iyakar rai. Yaya ta kalli tafin hannunta. Abin da ta fara cewa shi ne, "Yaran fa?" Aka gwada su duka ukun, Allah ya kare su. A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mijinta.

Da yamma bayan Malam ya ci abinci na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. A lokacin uwarsa ta koma Mabai wurin ƙaninsa. Ya daɗe yana juya carbi, har na fara shirin tashi. Sai ya ce, "Ki kwashe buhunan da ke ɗakin ajiya, ki share mata. Gobe zan samo mai gyaran ƙofa."

Ta dawo gidana ana saura kaɗan ruwan farko ya sauka. Wannan damina ita ce abin da nake riƙe da shi har yau.

Makonnin farko maganin ya wahalar da ita, jiri da amai da munanan mafarkai. Nakan dama mata kunu in zauna har ta shanye. Sannu a hankali ta fara fitowa tsakar gida ta jingina da turmi. Sai ta fara gyara mini kuskuren miya daga inda take zaune. Ranar da ta ƙwace muciya daga hannuna ta ce tuwona ya yi gudaji kamar na amarya, na san Yayata ta dawo.

Akwai ɗan fili a bayan ɗakin girki da muke zubar da toka. Ta ce asara ce a bar shi haka. Ta ari fartanya ta yi kunyoyi, ta shuka kuɓewa da yakuwa da rama, ta sa masara a gefen katanga. Kullum da safe sai ta je ta tsuguna tana duba su, tana yi musu magana kamar yara. In hadari ya haɗo takan tsaya a tsakar gida ta ɗaga kai ta ce wannan na gabas ne, zai yi ƙarfi, a kwashe shanya. Ba ta cika kuskure ba. Ɗakinta yana yoyo ta kusurwa ɗaya, sai mu tara kwano, mu taru a can ni da ita da yara duka, nata da nawa, muna gasa masara a kasko, ruwa yana dukan kwanon rufi har ba ma jin juna sai mun ɗaga murya. Takan ba yara labarin ƙuruciyarmu, ta ƙara gishiri, ta ce ni matsoraciya ce, wai na taɓa gudun ɗan maraƙi har na faɗa cikin kwata. In na musa sai ta ce, "Ke kina ƙarama, mi kika sani?"

Jikinta ya murmure, kumatunta suka ciko. Ta koma islamiyyar matan aure da ake yi a unguwarmu, tana zama a baya. Wani lokaci in muna tsinke zogale sai hannunta ya tsaya. In na ce lafiya, sai ta ce ta tuna mijinta ne, yadda yakan dawo daga gona ya tsaya a bakin ƙofa yana kakkaɓe ƙafa yana tambaya ko akwai fura. Ta ce in ƙasa ta lafa za ta koma ta noma gonarsa da hannunta, ko kadada ɗaya ce, don autan ya san inda ubansa ya yi gumi. Muka yi ta tsara yadda za mu yi: ni in zo mata da kaka, kamar yadda ita ta saba zo mini.

Ta fara yin awara da ƙuli-ƙuli, 'yan matan suna kaiwa ƙofar gida. Da farko ana saye sosai, don hannunta yana da daɗi. Sai ciniki ya fara ja da baya. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta shigowa gidanmu. A islamiyya aka fara matsawa in ta zauna. Ban san wanda ya fitar da maganar ba, gari ne ƙarami, kuma benci ɗaya muka zauna da mutane da yawa.

A cikin haka jikin Hajiya ya tsananta. Muka ji Alhaji ya sake ta, wai ita ta san inda ta kwaso, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita. Kafin a girbe gero ya ɗaura sabon aure. Ranar da aka kawo amaryar muna jin guɗa ta kan katanga. Yaya tana wanke wake, ta tsame hannunta, ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Da na bi ta, ta ce, "Yarinyar nan ma bencin za ta je." Sai kuma ta ce, "Ban sani ba ko ni na ba shi, ko shi ya ba ni. Wallahi ban sani ba."

Dattawan unguwa sun tare Malam a ƙofar masallaci, suka ce bai dace malamin yara ya ajiye irin wannan mata a gidansa ba. Ya ce musu yayar matarsa ce, marar lafiya ce, kuma gidansa ne. Bai ma faɗa mini ba, a bakin wata na ji. Da a ce iyakarta ke nan da ta zauna. Amma wata rana da la'asar wani mutum ya yi sallama a ƙofar gida, Malam yana zaure da baƙi. Direba ne, ya zo wucewa, aka kwatanta masa gidan. Ya ambaci sunan da suke kiranta da shi a tasha, wanda ba shi ne sunanta ba. Malam ya sallame shi cikin mutunci. Yaya tana tsakar gida, ta ji komai.

Washegari ta ce za ta tafi wurin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke zaune a wani gari kusa da Sabuwa inda ba wanda ya san labarinta. Na roƙe ta, Malam da kansa ya yi mata magana. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Malam, ka yi mini abin da ko ɗan'uwa na jini ba zai yi ba. Amma kana da 'ya'ya mata, ni ma ina da su a gidan nan. Ina so a zo neman aurensu ba a tuna da ni ba."

Ta jira aka gama kaka. Ta bar mini 'yan matan biyu, ta ɗauki autan. Ba ta yarda mun je tasha ba, a bakin titi muka tsaya da safe har aka samu mota. Ta riga ta karɓo magani na 'yan watanni daga asibiti, ta ce in ya kusa ƙarewa za ta zo ta karɓi wani, ta kwana biyu. Da motar ta tashi ta leƙo ta taga tana faɗa mini wani abu, iska ta kwashe, ban ji ba. Na sha zama ina ƙoƙarin gane ko mene ne.

Da farko muna waya kusan kullum. Ta ce tana taya Gwaggo sussuka, ta ce autan ya yi abokai. Sai al'amura suka ƙara lalacewa. Aka katse layukan waya a yankin gaba ɗaya, aka rufe kasuwanni, hanya ta zama sai wanda ya sayar da ransa. Lokacin zuwanta ya yi, ya wuce. Na je wurin malamar asibiti na tambaya ko za a ba ni maganin in aika, ta ce ko ta ba ni, wa zai kai? Na nemi direbobin da ke bin hanyar, kowa ya ce ya daina. Duk motar da ta tsaya a bakin layinmu sai na leƙa.

Gwaggo ce ta zo, bayan hanya ta ɗan buɗe, riƙe da hannun autan. Tun daga yadda ta yi sallama na gane. Ta ce maganin ya ƙare, Yaya ta yi yunƙurin tahowa har sau biyu ana mayar da su daga hanya. A can kuma ta ƙi zuwa asibitin kusa, don kada a san ta. Tari ya kama ta, sai gudawa, ta yi ta ramewa. Gwaggo ba ta san ainihin ciwon ba sai a kwanakin ƙarshe, da Yaya ta faɗa mata da bakinta. Ta ce ta cika da rana tsaka, da kalmar shahada, kanta a kan cinyar Gwaggo. Har an yi sadakar arba'in ban sani ba. A duk kwanakin nan ina nan ina ajiye mata kuka da daddawa, ina cewa in ta zo.

Yaran suna wurina, sun girma. Babbar ta kusa gama sakandare, tana son aikin jinya. Ta san ciwon da ya kashe uwarta, ni na faɗa mata, don kada ta fara ji a bakin wani. Kangon bayan tasha mai shi ya gama gininsa ya kore su, matan sun koma wani. In na kai yara rigakafi nakan bi ta barandar nan, in ga sababbin fuskoki, wasu ba su kai Yaya shekaru ba, wasu da hijabi har ƙasa. Nakan yi musu sannu ko ba su amsa ba.

Har yau ban je garin da ta rasu ba. Malam ya ce in hanya ta yi kyau zai kai ni. Na sa Gwaggo ta kwatanta mini ɗakin da ta zauna: yana kallon gabas, akwai bishiyar ɗorawa a bayansa, kuma ta ce Yaya ta shafe bangon da farar ƙasa da hannunta tun makon da ta isa. Ba wani abu nake so in yi a can ba. In shiga ɗakin kawai, in zauna a ƙasa, in ɗan jima.